Tsimi da Tanadi a Hidimar Salla: Kyaututtuka da Abincin Gida

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Hausa babu lokacin da aljihun magidanci ke jin jiki kamar tsakanin kamawar watan azumi da wucewar babbar salla. A cikin kwanakin da ba su wuce ɗari ba, ana bukatar kayan sahur da na buɗa-baki, da zakkar fid-da-kai, da ɗinkin iyali, da abincin salla, da goron salla, sannan kuma ga ragon layya. Duk waɗannan suna zuwa ne ba tare da kuɗin haya ko na makarantar yara ko na magani sun ɗaga wa kowa ƙafa ba. Bahaushe ya daɗe da lura da wannan hali, shi ya sa ya ce salla ta wuce ta bar wawa da bashi.

Wannan babi zai duba yadda al'adar Hausawa ta tsara hanyoyin yin hidimar salla cikin rufin asiri. Ana sa ran a ƙarshen darasin ɗalibi zai iya:

(a) bambance ma'anar tsimi da tanadi da tattali da rowa da almubazzaranci;
(b) rarrabe nau'o'in kyaututtukan salla gwargwadon nauyinsu;
(c) bayyana hanyoyin gargajiya na tanadi da amfaninsu a yau;
(d) tsara darasi a kan wannan batu ga 'yan firamare ko ƙaramar sakandare.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

*Tsimi* shi ne amfani da abin da ke hannu a hankali, daidai bukata, domin ya daɗe bai ƙare ba. Matar da ta auna man da za ta zuba a miya ta yi tsimi. Akwai kuma tsimi na jiƙon magani, amma ba shi ake nufi a nan ba.

*Tanadi* ya fito ne daga aikatau *tanada*, wato a samar da abu a ajiye tun kafin bukatarsa ta taso. Ke nan tsimi yana kallon abin da ake da shi yau, tanadi kuwa yana hangen gobe. Wannan ne ya sa ake yawan jera su tare.

*Tattali*, daga aikatau *tattala*, kulawa ce da abu domin kada ya lalace ko ya salwanta. Daga wannan kalma aka ƙirƙiro *tattalin arziki*.

*Rowa* ita ce hana abu alhali ana da shi kuma an ga mabukaci. Daga gare ta ake samun *marowaci*, da *marowaciya*, da *marowata*, ta amfani da ɗafa-goshin *ma-* mai nuna mai aikatawa.

*Almubazzaranci* kashe dukiya ne ba bisa bukata ba. Tushen kalmar Larabci ne, kuma ta shigo Hausa tare da *al-* ɗinta, kamar yadda *alƙali* da *alƙalami* da *albasa* suka shigo. Daga baya Hausa ta liƙa mata ɗafa-ƙeyar *-anci* domin nuna hali.

Abin lura a nan shi ne, Bahaushe yana zargin marowaci kamar yadda yake zargin almubazzari. Tsimi yana tsakanin waɗannan halaye biyu ne. Wanda ya hana iyalinsa nama ranar salla alhali yana da hali, ba a ce masa mai tsimi. Haka wanda ya sayar da hatsin shekara ya ɗinka babbar riga, ba a ce masa mai kyauta.

3.0 Salla da Juyin Shekara

Ana yin ƙaramar salla ranar 1 ga Shawwal, babbar salla kuma ranar 10 ga Zulhajji. Tsakaninsu akwai kimanin wata biyu da kwana goma, kuma watan da ya shiga tsakani, wato Zulƙida, shi Hausawa ke kira bawan salloli. Shekarar Musulunci tana da kwana 354 ko 355, saboda haka takan gaza shekarar Miladiyya da kimanin kwana 11. Wannan ne ya sa salla ke zagaya dukkan lokutan shekara a cikin kimanin shekara 33.

Wannan lissafi yana da tasiri a kan aljihu. Alal misali, a shekarar 2005 ƙaramar salla ta faɗo a farkon watan Nuwamba, wato da kaka, lokacin da rumbu ke cike kuma hatsi ke araha. A shekarar 2024 kuwa an yi ƙaramar salla ranar 10 ga Afrilu, a tsakiyar bazara, babbar salla kuma ranar 16 ga Yuni, daidai lokacin da manomi ke neman kuɗin iri da taki. Don haka tsarin da ya fisshe magidanci a sallar kaka ba lalle ya fisshe ɗansa a sallar damina ba. Duk mai son yin tanadi sai ya fara duba lokacin da sallar bana za ta faɗo.

4.0 Nau'o'in Kyaututtukan Salla

Hausa tana da kalmomi da yawa na kyauta, kuma kowace tana nuna dangantakar mai bayarwa da mai karɓa. *Tsaraba* ta matafiyi ce, *tukwici* na ɗan aike ne, *toshi* na saurayi ne ga budurwa, *gudummawa* ta biki ce, *gaisuwa* kuma daga ƙasa take zuwa sama. Ana iya kasa abubuwan da ake bayarwa lokacin salla gida uku.

4.1 Waɗanda Addini ya Ɗora

Zakkar fid-da-kai wajibi ce a kan mai hali: sa'i ɗaya, wato mudu huɗu na mudun Annabi (SAW), daga abincin da aka fi ci a gari, a madadin kansa da duk wanda ciyarwarsa ta hau kansa. Layya kuwa, a mazhabar Malikiyya wadda mafi yawan Hausawa ke bi, sunna ce mai ƙarfi ga wanda kuɗin dabbar ba zai taɓa bukatunsa na dole ba. Tunkiya ko akuya tana isarwa idan ta cika shekara kuma ba ta da aibi, sannan dabba ɗaya tana isar wa maigida da iyalin da yake zaune da su yake ciyarwa, idan ya sanya su cikin lada. Ke nan addini bai ɗora wa kowa sayen rago mai tsada domin idon maƙwabta ba.

4.2 Waɗanda Al'ada ta Ɗora

A nan ake samun kayan salla na mata da yara, da kayan shan ruwa da ake kai wa iyaye da surukai a cikin azumi, da toshin salla, da kwanon tuwo da ake aika wa maƙwabta da dangi. Barin waɗannan gaba ɗaya yakan jawo tsegumi, wani lokaci har da saɓani tsakanin ma'aurata. Sai dai al'ada ba ta yanke musu adadi ba. Kowa da gwargwadon ƙarfinsa, daidai ruwa daidai tsaki.

4.3 Na Ganin Dama

Misalinsu su ne barka da salla da ake ba yara masu yawon salla, da goron salla tsakanin abokai, da anko na ƙawaye ko na ƙungiya. A wannan rukuni ne aka fi samun damar ragewa ba tare da an ɓata wa kowa ba.

Muhimmin abu game da kyautar Bahaushe shi ne, mafi yawanta ramuwa gare ta. Littafin *Baba of Karo* na Mary Smith, wanda ya fito a 1954, ya nuna yadda ƙawance tsakanin matan ƙasar Zazzau ya ginu a kan musayar kyauta. A al'adar biki ma, a wasu wurare akan ninka abin da aka kawo idan an tashi mayarwa. Saboda haka wanda ya yi kyautar da ta fi ƙarfin abokinsa ya ɗora masa nauyi ne, ko da bai nufa ba. Taƙaita kyauta daidai hali sauƙi ne ga mai bayarwa da mai karɓa baki ɗaya.

5.0 Hanyoyin Gargajiya na Tanadi

5.1 Rumbu

Rumbu shi ne bankin manomi na farko. Da kaka akan zuba damman gero da dawa, a riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan har wata kakar. A binciken da Polly Hill ta yi a Batagarawa kusa da Katsina, wanda ya fito a littafinta *Rural Hausa* a 1972, ta nuna yadda hatsin masu ƙaramin ƙarfi ke ƙarewa da wuri, su koma saye da tsada, alhali masu hali suna ajiyewa har farashi ya tashi. Darasin da ke nan ga ma'aikacin albashi shi ne ya yi awo da kaka. Magidanta da yawa a Kano sukan haɗa kuɗi su sayi buhu a kasuwar Dawanau su raba, domin sarin buhu ya fi awon kwano-kwano sauƙi. Wajibi ne hatsin ya bushe sosai kafin a ajiye shi. Wake kuwa, ajiye shi a jarka mai murfi ko a buhun nan mai ruɓi uku wanda iska ba ta shiga ya fi zuba masa maganin ƙwari, wanda ke iya cutar da masu ci.

5.2 Turka

Turka ita ce ɗaure dabba a gida ana kiwonta domin ta yi ƙiba. Akan sayi ɗan rago watanni kafin salla, a riƙa ba shi dusa da harawa da kowar wake da ƙasari. Mata sun fi shahara da wannan kiwo, kuma sau da yawa maigida a wurin matarsa yake sayen ragon layya, kuɗin ya tsaya a cikin gida. Wanda ba shi da wurin kiwo yakan je manyan kasuwannin dabbobi irin su Maigatari da Wudil da Mai'adua da Potiskum tun kafin 'yan sari su kwaso dabbobin zuwa birni. Sai dai a sa kuɗin abinci da na magani da na mota cikin lissafi, domin ragon da aka saya da araha yana iya cinye ribarsa a turke.

5.3 Adashi da Asusu

A adashi mutane kan amince su riƙa zubi na wani adadi a wurin uwar adashi, kowane zagaye mutum ɗaya ya kwasa. A ƙaddara malamai 10 ne ke zuba Naira 10,000 kowane wata: kowace kwasa Naira 100,000 ce, kuma zagayen zai cika a wata 10. Mai hangen nesa yakan nemi kwasarsa ta faɗo wata ɗaya ko biyu kafin azumi. Amfanin adashi shi ne yana tilasta wa mutum ajiya, kuma babu ruwa a cikinsa. Rauninsa biyu ne: ya dogara a kan amana, sannan idan kaya suna tashi, kuɗin mai kwasar ƙarshe ba zai sayi abin da na mai kwasar farko ya saya ba. Maganin wannan shi ne a mayar da kuɗin kaya da zarar an kwasa. Asusu kuwa ɗan akwati ne ko ƙaramar tukunya mai tsaga wadda ake jefa kuɗi a ciki, ba a fasawa sai salla ta matso. Da shi ake koya wa yara ajiya.

5.4 Watanda

Watanda ita ce mutane su haɗa kuɗi su sayi sa ko saniya, a yanka, a kasa naman kashi-kashi daidai yawan masu zubi. An fi yin ta a jajibirin ƙaramar salla. Naman watanda yakan fi na tebur auki, domin babu ribar mai sayarwa a kansa, kuma kowa yana samun rabonsa na tsoka da ƙashi da kayan ciki. Ya kamata ɗalibi ya lura cewa watanda daban, layya daban. Malikiyya ba su yarda da tarayya a kuɗin dabbar layya ba, ko da yake wasu mazhabobi sun halatta mutum bakwai su haɗu a kan sa ko raƙumi.

6.0 Tsimi a Abincin Gida

Madafin Bahaushiya makaranta ce ta tsimi, kuma kalmomin da ake amfani da su a cikinsa shaida ne. Tuwon da ya kwana yakan zama *ɗumame*. *Ƙanzon* da ya kama gindin tukunya akan busar da shi a yi kwaɗo. *Dusar* da aka fitar a surfe da *ƙasarin* wanke hatsi na dabbobi ne. *Tsakin* da ya rage a tankaɗe yana zama fate ko dambu. Ko tokar murhu ana tace ruwanta a yi amfani da shi a madadin kanwa. Kusan babu abin da ke fita daga madafi zuwa juji.

Haka abin yake ga kayan miya. Tumatir da tattasai da attaruhu suna araha ne da rani, lokacin da amfanin noman rani na wurare irin su Kadawa ke cika kasuwa, su kuma yi tsada da damina. A shekarar 2016 tsutsar tumatir ta yi ɓarna mai yawa a gonakin Kano da Kaduna, har farashinsa ya gagari gidaje da dama. Gidajen da suka saba yanka tumatir su shanya, su kuma ajiye busasshiyar kuɓewa da kuka da karkashi da daddawa, ba su rasa miya ba.

Game da abincin salla kansa, akwai abubuwa uku da ke rage asara. Na farko, a ƙidaya bakunan gida da kwanukan da za a fitar kafin a ɗora tukunya. A ranar salla kowane gida yana aikawa kuma ana aiko masa, don haka abin da ke shigowa yakan kusa maye gurbin abin da ya fita. Rashin yin wannan lissafi ne ke sa a wayi gari ana zubar da tuwo da shinkafa. Na biyu, a fi ba da ƙarfi ga abin da ke jure ajiya, kamar alkaki da nakiya da dubulan da cincin, waɗanda za a iya tarbar baƙi da su har mako ya zagayo. Na uku, a sarrafa naman layya yadda zai daɗe: suya har ruwansa ya tsane, da dambun nama, da kilishi, da narkar da kitse a yi kakiɗe. Wannan ya fi dogaro da firji a inda wutar lantarki ba ta da tabbas. Tsohuwar al'adar ajiye wani sashe na ragon layya har ranar cika-ciki a watan Muharram ta nuna cewa Hausawa sun daɗe da sanin wannan fasaha.

Sai dai tsimi yana da iyaka. Abincin da ya canza wari ko ya yi yauƙi ba a ba yara shi da sunan gudun asara, kuma ɗumame sai ya yi zafi har cikinsa. Kuɗin asibiti ya fi kuɗin kwanon shinkafa.

7.0 Sauye-sauyen Zamani

Abubuwa biyu sun ƙara wa hidimar salla nauyi. Na farko shi ne tsadar rayuwa. Bayan sanarwar janye tallafin man fetur a Nijeriya ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin sufuri da na abinci sun tashi, har alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. A watan Yulin wannan shekarar aka sa hannu a kan dokar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000. Na biyu shi ne gasa. A da yaro yakan yi salla da ɗinki ɗaya yana murna; yanzu hotunan da ake yaɗawa ta wayar salula sun sa ana auna sallar gida da ta mutanen da ba a ma san su ba. Masu wannan hali sukan kafa hujja da cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Amsar da ta dace da su ita ce, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

8.0 Matakan Tsara Hidimar Salla

Daga bayanan da suka gabata ana iya fitar da waɗannan matakai:

1. A rubuta duk abin da ake bukata, a jera shi bisa rukunan nan uku: na addini, na al'ada, na ganin dama.
2. A ware kuɗin abinci da na makaranta da na haya na watan da ke bin salla kafin a taɓa komai.
3. A sayi yadi a kai wa tela tun a watan Sha'aban. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a goman ƙarshe na azumi kasuwanni irin su Kantin Kwari sukan cika, teloli su ƙara kuɗi, wasu ma su saɓa alkawari.
4. A yi ɗinkin yara da ɗan yalwa, yadda na ƙaramar salla zai kai babba.
5. A yanke adadin barka da salla tun da wuri, a nemi canjinsa, idan ya ƙare a tsaya.
6. Maigida ya yi shawara da uwargida a fili a kan abin da ke hannu. Yawancin rigimar kayan salla daga ɓoye gaskiyar samu take tasowa.
7. A tuna cewa ziyara ma kyauta ce, domin zumunta a ƙafa take.

9.0 Malami da Wannan Darasi

Wannan batu ya shafi malami ta fuska biyu. Ta fuskar kansa, albashinsa ƙayyadadde ne, kuma malamin da bashin salla ya dabaibaye ba ya samun natsuwar shirya darasi. Ta fuskar aji kuwa, batun yana ba da damar haɗa harshe da al'ada da lissafi a darasi guda: yara su tattaro kalmomin kyauta da na madafi daga wurin iyayensu, su kawo karin magana, su yi wasan kwaikwayon adashi da ƙwallayen dabino a madadin kuɗi.

Akwai kuma abin kiyayewa. A kowane aji akwai yaron da ba a yi wa ɗinki ba, da wanda ba a yanka komai a gidansu ba, da maraya. Insha'i mai taken “Kayan da aka saya mini da salla” yana iya zama tonon asiri ga irin waɗannan yara. Ya fi dacewa a ba da take kamar “Yadda ake watanda a unguwarmu” ko “Ziyarar da na kai da salla”, wanda kowane yaro zai sami abin faɗa ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

10.0 Kammalawa

An ga cewa tsimi da tanadi ba baƙin abubuwa ba ne a rayuwar Hausawa. Rumbu da turka da adashi da watanda da shanyar kayan miya duk dabaru ne da aka gada domin a yi hidima ba tare da an kunyata ba. An kuma ga cewa addini da al'ada ba su ɗora wa mutum abin da ya fi ƙarfinsa ba. Gasa ce ke ɗorawa. Aikin malamin Hausa shi ne ya isar da waɗannan kalmomi ga yara tare da hikimar da ke cikinsu.

11.0 Tambayoyi

1. Bambance tsakanin tsimi da rowa, tare da misalai biyu-biyu.
2. Yi bayanin ƙirar kalmomin *marowaci* da *almubazzaranci*.
3. Ta yaya lokacin da salla ta faɗo ke shafar tanadin manomi da na ma'aikaci?
4. Kawo amfani biyu da rauni biyu na adashi.
5. Mene ne bambancin watanda da layya?

Aikin Gida: Tattauna da wata dattijuwa a unguwarku a kan yadda ake adana naman layya a zamanin ƙuruciyarta, sannan ka tsara darasin minti 35 ga 'yan aji biyar na firamare daga abin da ka samo.